Agwagwar maƙwabciyata a Ingila da agwaginmu na Sakkwato

Wata maƙwabciyata a nan Ingila tana da agwagi uku a bayan gida, cikin ɗan ɗakin katako mai sakata saboda dila, an shimfiɗa musu ciyawa, ga kwamin roba da ake sauya wa ruwa kowace safiya. Ɗaya ta kwanta, ba ci ba sha, wuya ya langaɓe. Matar ta naɗe ta da tawul ta kai asibitin dabbobi, aka ɗora ta a sikeli, aka buɗe mata kati da sunanta, aka haska bakinta da ɗan fitila, aka sallame su da takardar umarni. Kuɗin da aka biya zai sayi rago a kasuwar Kara ta Sakkwato. Da na yi mata ya mai jiki, sai ta ce da murmushi: "Ku can ai yankawa kuke yi, ko?" Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Na karanta takardar. Yawancin abin da ke ciki, matan unguwannin Mabera da Runjin Sambo a Sakkwato sun daɗe suna yinsa.

Farko a ware marar lafiyar daga sauran, a ajiye ta inda babu damshi. Su nan ɗumi suke nema mata. Mu a watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, inuwa da iska take buƙata, sai lokacin ɗari a rufa mata buhu da dare. Ɓuntun shinkafa ya isa shimfiɗa, muddin ana kwashewa da zarar ya jiƙe.

Sai ruwa, wanda shi ne rabin jinyar. Agwagwa ba kaza ba ce. Tana buƙatar mazubin da za ta tsoma kai gaba ɗaya ta wanke hanci da idanu, kuma ba ta iya haɗiye busasshen abinci sai da ruwa a kusa. Amma in wuyanta ya saki, kada a bar ta da kwano mai zurfi, don kan zai faɗa ciki ta kasa ɗagowa. A riƙe kan, a tsoma bakin kaɗan, a bari ta haɗiye da kanta, a maimaita bayan kowace awa. Kada a ɗura mata. Ƙofar numfashinta tana nan a bayan harshe, ruwa kaɗan ya bi ta can ya isa ya kashe ta. In ta galabaita, a haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a ƙara ruwa kwatankwacinsa don ya yi sauƙi. Kwana ɗaya ko biyu, sai a koma ruwa zalla.

Abinci kuwa mai laushi: dusa ko barzajjen gero a dama da ruwa, a marmasa dafaffen ƙwai a ciki, a yayyanka ganyen zogale ƙanana. Kaɗan-kaɗan, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar, domin zafinmu na sa shi tsami nan da nan. Maƙwabciyata koren wake take fiddowa daga firiza ta jiƙa mata.

Ba zan ƙi gaskiya ba, akwai inda suka fi mu. Ɗan agwagwa na buƙatar bitamin B3 kusan ninki biyu na ɗan tsako, kuma wanda ke cikin masara jikinsa ba ya iya cin moriyarsa sosai. Shi ya sa za ka ga 'ya'yan agwagwa na 'yan makonni ƙafa ta gwame suna jan ciki, a ce iska ce. Su nan buhun abincin agwagi daban yake da na kaji. Mu garin busasshen kifi marar gishiri ko gyaɗa mai kyau za su rufe giɓin. Na ce mai kyau, domin gyaɗa ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna yana ɗauke da gubar da ke cin hanta, kuma cikin tsuntsayen gida babu wanda take saurin kayarwa kamar ɗan agwagwa. Haka nan fasa kafso mai ja da rawaya a ruwa duk lokacin da tsuntsu ya yi laushi ba magani ba ne, sau da yawa ciwon ba nasa ba ne. In kuma biyu ko uku suka mutu a jere, kada a yanka sauran, kada yara su taɓa, a sanar da malaman dabbobi, don murar tsuntsaye tana Najeriya tun da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. A nan, tun Oktoban 2024, ko tsuntsuwa ɗaya kake kiwo a bayan gida sai ka yi rajista da hukuma.

Amma yankan da ta faɗa, ban ga abin kunya a ciki ba. Agwagwar mace a gidan Bahaushe asusunta ce. Toro ɗaya da mata biyu su ne kuɗin littafin yaro, su ne gudunmawar biki. Wadda ta ga kwana uku babu sauƙi ta kira maigida ya yanka kafin ta zama mushe, ba rashin tausayi ya sa ta ba. Ita ce ta kwana tana leƙa ta. Wani sharaɗi kuma shi ne kada a ci naman wadda aka bai wa magani sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

Abin da ya fi damuna shi ne wuyan nan da ke langaɓewa. Gubar da ke kawo shi tana tasowa ne a ruwan da ya kwanta ya ɗumama, inda mushe ko tsutsa suke. Wato kwata. Agwaginmu kuwa a kwata suke yini, kuma ba don masu su sun jahilci illarta ba. Matar da ke sayen jarka wajen mai ruwa, ta raba tsakanin girki da wanki da alwala, ina za ta samu na cika kwami kullum? Garin da Gulbin Rima ya ratsa gefensa, ga madatsar Goronyo, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana yaye likitocin dabbobi shekara da shekaru, amma unguwanni su yi kwanaki famfo bai ɗiga ba, magudanai a toshe tun daminar bara. Maƙwabciyata murɗa famfo kawai take yi. A ba matan Sakkwato wannan famfon, a yashe musu kwatocin, sannan a zo a gwada wa ya fi iya kiwo. Kuma ƙananan yaranmu a bakin kwatar nan suke wasa, ƙafa ba takalmi.