Wadda kike gani a talla, ita ma ba haka take ba

Ƙannena mata, dan Allah ku ba ni aron kunnenku, abin nan ya daɗe yana cin raina. Kullum kin buɗe TikTok ko Instagram sai kin ci karo da wata fara sol tana riƙe da robar mai, wai sati biyu kacal kin zama balarabiya, a ƙasa an jera hoton da da na yanzu. Kinsan na farkon a ɗaki mai duhu aka ɗauka, na biyun kuma an kunna mata fitila a fuska an ɗora filta, ita kanta mai tallar in kin haɗu da ita a gidan biki wallahi sai an nuna miki ita. Amma ke kina ajiye waya sai ki nufi madubi, fatar da jiya ba ki ga laifinta ba yau ta zama abin kunya.

Wata 'yar uwata haka ta yi ana saura wata uku bikinta, ta sayi haɗin mai wanda ko suna babu a jikin robar. Ta yi fari kam, kowa na yabawa. Yanzu gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, jijiyoyi kore sun fito raɗau a cinyarta, kumatunta ya ƙone, ko zafin murhu ba ta iya jurewa, in ta fita rana sai ta ce kamar an watsa mata barkono. Yarinyar da muke kira wankan tarwaɗa fa.

Abin da ke cikin irin mayukan nan ba ɓoyayye ba ne. Akwai hydroquinone mai barin baƙin tabon da ke da wuyar fita, akwai steroid mai sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa da wuri, wasu har da mercury mai lalata ƙoda. Ghana ta hana kayan shafa masu hydroquinone tun 2016, a 2023 kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haka ƙwayar ƙiba ta sha ka fashe da ake tallatawa wai a ciko, dexamethasone ne sau da yawa, wani nau'in steroid, kumburi yake sawa, ya bar ki da hawan jini ko ciwon suga.

Ku ma samari kuna ciki, ku ne masu cewa fara ko mayya ce, kuna yi kamar wasa alhali ƙannenku na jinku.

Wadda ta riga ta fara, kar kunya ta hana ki zuwa wajen likitan fata, ki tafi da robar a jakarki ya gani. In ƙwayar ƙiba ce kin daɗe kina sha kar ki yanke rana ɗaya, a hankali ake janye ta, shi zai nuna miki yadda za ki yi.