A koya wa 'yar ƙauyen aikin, ita ce za ta kwana a asibitin

Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda asibitin ƙauye da tsakar dare ya san zancen. Gini na nan ya sha fenti har da allon sunan ɗan majalisar da ya kawo aikin, amma kwaɗo ne a ƙofa, sai maigadi ya fito yana mutstsuka ido ya ce maka ai malama ta koma gari tun la'asar, sai gobe in Allah ya kai mu. Daga nan sai neman mai mashin ko a-kori-kura, mace na zubar da jini ana ta gargada da ita a hanya.

Ni dai gaskiya ban cika ganin laifin malamar ba. An haife ta a birni, mijinta da yaranta na birni, an yi mata fostin inda ba ɗakin kwana ba wuta ba ruwa, ga tsoron 'yan bindiga a wasu yankunan, to me zai zaunar da ita? Tun ranar da ta karɓi takarda take neman wanda zai tsaya mata a yi mata taransifa.

An gwada tura baƙi kuma mun ga inda aka kwana. A 2009 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, lokacin Muhammad Ali Pate ne shugabanta, ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, aka kwaso sababbin gamawa da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya aka rarraba ƙauyuka. Tsari mai kyau wallahi, sai dai alawus ɗin an raba shi ne tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka riƙa noƙewa wajen biyan nasu kason, matan nan kuwa da yawansu daga nesa aka kawo su wasu ko yaren garin ba sa ji, a hankali suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Wadda za ta zauna ita ce wadda gidan ubanta ko na mijinta ke bayan asibitin, ko ƙarfe biyun dare aka buga mata ƙofa za ta fito don mai naƙudar ƙila 'yar gwaggonta ce. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, magidanta da yawa ba za su bar namiji ya karɓi haihuwar matansu ba, ko mun so ko mun ƙi haka abin yake a yanzu.

To me ya hana 'yar ƙauye shiga makarantar koyon aikin lafiya? Kiredit biyar. Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. Yarinyar da ta yi sakandaren da ba ɗakin gwaje-gwaje, malamin fizis ɗinsu ɗan bautar ƙasa ne da ya zo wata uku ya ɓace, ita ake so ta yi gogayya da 'yar firamare da sakandaren kuɗi a jarabawa ɗaya. Makarantun kuwa muna da su, ga Jahun, ga Kankiya, ga Maƙarfi, ga Ningi, Tsafe, Gwadabawa, ga ta ungozoma a Dambatta da Malumfashi, abin dubawa shi ne 'ya'yan wa ke cika kujerun.

Nan ne shirin Women for Health ya burge ni. Daga 2012 da tallafin Birtaniya ya yi aiki a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Abin da suka yi ba wani siddabaru ba ne, gari ne zai zaɓo 'yarsa da yardar iyaye ko miji, a ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta, mai goyo a tanadar mata wurin reno, bisa alkawarin in ta gama gida za ta dawo ta yi aiki. Shirin ya ƙare, kuma abin kunya ne a ce sai Bature ya zo zai nuna mana yadda za mu karantar da 'ya'yanmu.

Wani zai ce ai wannan rage daraja ne, ƙauye ma likita ya kamata a kai. Haka ne, amma likitan da ko birni ya gagara riƙewa, kullum suna kama hanyar Saudiyya da Ingila? Habasha ba ta jira likita ba, tun wajen 2003 ta fara ɗaukar mata daga ƙauyukansu tana ba su horon shekara guda tana ajiye biyu-biyu a kowane ƙauye da albashin gwamnati. Mu namu jami'an lafiyar al'umma da ake ce wa CHEW shekara 3 suke yi, ƙananansu 2, kuma tun 2014 gwamnati ta amince a ƙara musu horo su riƙa karɓar haihuwa da wasu ayyukan da a da sai nas. Abin da ake nema ta iya awo, ta gane jijjiga tun kafin ta kayar da mace, ta san maganin tsayar da jini, sannan uwa uba ta san inda iyawarta ta tsaya ta tura babban asibiti da wuri. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuyar koyarwa, kuma ba a koyonsa a makarantun je-ka-na-yi-ka da ake buɗewa a gidan haya ba rajista, yara su ƙare kuɗin iyayensu su fito ba lasisi.

Sai babbar matsalar, ɗaukar aiki. Je ka asibitocin ƙananan hukumomi ka ga masu shaidar kammalawa suna aikin sa kai shekara da shekaru, wai ana jiran a ɗage takunkumin ɗaukar ma'aikata, ƙarshe namijin ya buɗe kemis yana ƙarin ruwa a bayan kanta, macen ta ajiye takardunta a ƙasan akwati. Pate da ya zama ministan lafiya ya yi shelar sake horar da ma'aikata 120,000, madalla, amma wannan na waɗanda ke cikin aikin ne. Gwamnoni da ciyamomi nake wa magana, kowace mazaɓa ta ba da 'yan mata biyu a shekara, a sa hannu kan takardar ɗaukarsu aiki tun ranar da suka shiga aji, sannan a sa sola a ɗakin haihuwar don kar su dawo suna karɓar jariri da tocilan ɗin waya a baki.