Shekarun duniya: kada mu yi aron rigimar da ba tamu ba

A Kalambaina, bayan garin Sakkwato, inda ake fasa dutse domin yin siminti, duk wanda ya duƙa ya duba da kyau zai iya ganin ƙwanson halittun ruwan gishiri maƙale a jikin dutsen. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar yini guda ce cur a mota. To me ya kawo su? Masana ilimin duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa Sahara ya kwanta a kan wannan yanki. A ƙasar Goronyo ma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har aka raɗa masa suna Goronyosaurus. A Gadufawa kuwa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an samo Nigersaurus, dabba mai haƙora kusan 500 da ta rayu wajen shekara miliyan 110 baya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne yadda nake ganin matasanmu suna yaɗa bidiyoyin da ke cewa duk waɗannan alƙaluma ƙaryar Turawa ce, wai duniya ba ta wuce shekara dubu shida ba, kuma wai haka addini ya ce. Da yawansu ba su san daga inda maganar ta fito ba.

A 1650 wani babban limamin coci a ƙasar Ireland, James Ussher, ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya lissafa cewa an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ra'ayin ya yi sanyi bayan da ilimin duwatsu ya bunƙasa, sai a 1961 wasu Amurkawa biyu, John Whitcomb da Henry Morris, suka farfaɗo da shi, suna cewa ruwan ɗufana ne ya shimfiɗa duk waɗannan hawa-hawan duwatsu cikin shekara guda. Yau a jihar Kentucky akwai gidan tarihin da aka buɗe a 2007, inda ake nuna mutane suna zaune tare da dainoso, wato dabbobin zamanin da irin su Nigersaurus waɗanda suka ƙare. Rigima ce ta wani ɓangare na Kiristocin Amurka da makarantun gwamnatinsu, wadda ta kai su kotu tun 1925. Cocin Katolika ma ba ta tare da su a kai.

Musulmi kuma me ya kai shi ciki? Alƙur'ani bai faɗi adadin shekarun duniya ba. Ya ce an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, amma a Suratul Hajji ya ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne a lissafinmu, a Suratul Ma'arij kuma ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin. A Suratul Ankabut ma umarni aka ba mu, mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Masu auna shekarun dutse ba canki-canka suke yi ba. Sinadarin yuraniyam yana rikiɗa ya zama dalma a bisa ƙayyadadden lokaci, to da auna yawan kowanne a cikin dutse ake gane tsufansa, kuma da irin wannan awo aka kai ga shekara biliyan 4.5. Wanda ya ƙaga wannan tsari mai daidaito haka, ai girmanSa yake ƙara bayyana.

Haka batun sauyin halittu. Duk wanda ya girma a shekarun 1980 ya san ɗacin kulorokwin da ƙaiƙayinsa, ya kuma san yana warkar da zazzaɓi. Yau ba a ba da shi domin maleriya, Najeriya ta koma kan magungunan ACT, wato haɗin magungunan maleriya masu ɗauke da sinadarin artemisinin, tun 2005. Ƙwayoyin cutar da suka iya jure maganin su ne suka rayu suka hayayyafa, sauran suka mutu, har masu juriyar suka mamaye. Wannan shi ne ainihin abin da Darwin ya bayyana a 1859, kuma shi ke faruwa da sauron da maganin feshi ya daina kashewa. Ɗalibin likitanci ko na aikin gona da aka hana shi fahimtar wannan, an cuce shi, an cuci majinyatansa da manomansa.

Inda gizo yake saƙa shi ne asalin ɗan Adam, kuma ba zan ɓoye ba. Masana kimiyya suna cewa mutum da manyan birai kakansu ɗaya, ba wai biri ne ya haifi mutum ba kamar yadda ake yawan faɗa a majalisa, suna kuma kafa hujja da irin ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da biri, da aka tsinta a hamadar Jurab ta Chadi a 2001. Ni na yi imani Allah Ya halicci Annabi Adamu (AS) kamar yadda nassi ya zo. Amma wannan mas'ala guda ce, tana buƙatar malaman tafsiri da masana halittu su zauna a kanta da ilimi. Ba ta ba mu lasisin ƙaryata shekarun dutse ko juriyar ƙwayar cuta ba.

Mun ga inda irin wannan kuɗin goro yake kai mutane. A hirarsa da BBC a 2009, Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na lokacin, ya haɗa ka'idar Darwin da batun cewa duniya mulmulalliya ce kamar ƙwallo da yadda ruwan sama yake samuwa, ya yi watsi da su baki ɗaya. Malamin makarantar sakandare a Arewa har yau yakan tsallake wannan babi don gudun tsegumi, alhali tambayar tana jiran ɗalibinsa a jarrabawar WAEC. Da ma a ce makarantun Sakkwato za su riƙa kai yara Kalambaina su taɓa ƙwanson da hannunsu, na Yamai kuma su leƙa gidan tarihi na Boubou Hama inda ƙasusuwan dainoso suke tsaye, tare da malamin Islamiyya a cikin motar.