Idan taya tana gogar madigadi, kada a fara da guduma

A nan Jamus inda nake zaune, matashin da ke son motarsa ƙasa yake yi da ita, har sai taya ta kusa shigewa cikin madigadi. A gida kuwa abin da na tashi ina gani shi ne mai mota yana neman yadda zai ɗaga ta, don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Yanzu hotunan Instagram sun haɗe duniyar biyu, ƙannenmu ma sun fara sauke motoci, kuma tambayar da ke biyo baya ɗaya ce a ko'ina: na sauke mota, taya tana gogar bodi, yaya zan yi? Amsar da aka fi bayarwa ita ce a kai wa mai gyaran bodi ya bubbuge bakin madigadin, ko ya yanke robar da ke ciki. Ni ban yarda da wannan amsa ba. Wanda takalmi ya matse shi ba yatsa yake yankewa ba.

Taya ba ta tsaye wuri ɗaya. Tana hawa tana sauka, ta gaba kuma tana juyawa dama da hagu, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya bar mata fili daidai wannan motsi. Idan ka sa gajeren sifirin ka sauke mota da milimita 30 ko 40, daga cikin wannan fili ka ci. Idan kuma ka haɗa da sabon rim mai faɗi, ka ci daga gefe ma. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan sifirin alhali rim ne ya jawo.

Ga lissafin, don shi ne ba a son yi. Kowane rim yana da lamba da ake rubutawa ET, wadda ke nuna inda fuskar da ake ɗaure noti take idan aka auna daga tsakiyar faɗin rim. Ƙaramar lamba tana turo taya waje. Ka cire rim mai faɗin inci 7 da ET45, ka sa mai inci 8 da ET35: bakinsa na waje ya fito da kusan milimita 23, na ciki kuma ya matsa kusa da shokozoba da kusan milimita 3. Santimita biyu da ɗoriya kenan a wajen da dama ka riga ka rage fili daga sama. Haka ita ma tayar. Mai lamba 205/55 R16 tsayinta kusan milimita 632 ne, 225/45 R17 kusan 634, wato kusan ɗaya suke. Amma da ka ce bari ka ƙara faɗi kaɗan ka sa 235/45 R17, tsayi ya koma kusan 643, faɗi ma ya ƙaru. Waɗannan 'yan milimitocin su ne ƙarar da kake ji idan ka faɗa rami da mutum uku a baya.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a barin mai mota ya yanke wa kansa hukunci. Kamfanonin da suka shahara da waɗannan kaya, irin su Eibach da H&R da KW da Bilstein, duk na ƙasar nan ne, kuma kayansu suna zuwa da takarda mai faɗin motar da aka gwada su a kai da iyakar saukewar da aka yarda da ita. Sau da yawa bayan an ɗaura sai an kai motar wurin masu duba lafiyar motoci, TÜV ko DEKRA, sun sa hannu. Mai dubawar yakan ɗora taya ɗaya ta gaba da ta baya ta ɗaya ɓangaren a kan abu mai tudu domin motar ta murɗe, sifirin ya matse sosai, sannan ya juya sitiyari har ƙarshe ya leƙa ya ga ko akwai inda taya ta taɓa. Ƙasan fitilar gaba ba zai gaza santimita 50 daga ƙasa ba. Akwai kuma ma'aunin da suke bi, cewa mota da direbanta da cikakken tanki ta iya tsallake abu mai tsayin santimita 11 da faɗin 80 ba tare da ta taɓa shi ba. Masu mota suna ƙorafi a kan tsaurin, ina jin su. Amma taya da ƙarfe ya daɗe yana yanka tana iya fashewa ana cikin gudu, kuma a lokacin ba mai motar kaɗai ke kan titi ba.

A gida babu mai tsare ka ya yi maka wannan gwaji, don haka kai ne za ka yi wa kanka, kuma ba ya buƙatar wata na'ura. Fara da neman inda gugar take. Shafa alli a bakin madigadi da robar ciki, ko ka manna farin tef, ka ɗauki mutane ka zaga hanyar da ka saba bi, ka dawo ka duba inda ya goge. Wurin da ya goge shi zai faɗa maka maganin. Idan sai ka karya sitiyari gaba ɗaya kake jin ƙarar, galibi robar ciki ce, wani lokaci ma maƙalarta ce ta saki ta zazzago. Idan a rami ko a tudun rage gudu ne, kuma ka ga zane a kafaɗar taya ta waje, bakin madigadi ne. Idan ta ciki ce take gogar shokozoba, rim ɗin ya shige ciki da yawa, nan ne siririn faifan da ake sa wa a bayan rim zai yi amfani, matuƙar an sa noti mai tsawon da ya dace. Wanda ya sa irin wannan faifai alhali gugarsa ta waje ce, ƙara wa kansa ciwo ya yi.

Sai awon tsayi. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta suna ɓata lissafi. Auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi, a daɓe mai daidai, a kusurwa huɗu, ka rubuta. Sabon sifirin yana ƙara zama kaɗan bayan an ɗan yi tafiya da shi, saboda haka awon ranar farko ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai kuma wani abu da makanikai da yawa ke tsallakewa, wato ɗaure kusoshin bushin, robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota. Idan aka ɗaure su tam mota tana kan jak taya tana lilo, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, motar ta ƙi zama daidai, bushin ɗin kuma ya yage da wuri. Ana ɗaure su ne nauyin mota yana kan tayoyinta.

Idan mai sauke mota ya tambaye ni tsakanin gajeren sifirin kawai da shokozoba mai zare, wadda ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, ta biyun nake zaɓa, kuma dalilina shi ne tana ba ka damar komawa baya. Milimita 10 da ka mayar sau da yawa ita ce ke kashe gugar gaba ɗaya, kuma ido ba zai ma lura ba. Gajeren sifirin a kan tsohuwar shokozoba da ta gaji kuwa yana sa mota ta riƙa zama a kan robar da ke tare ƙarshen matsewa, tafiya ta koma tsalle-tsalle. Yanke sifirin da na'ura ko gasa shi da wuta don ya lotsa, wannan kam ban ga uzurinsa ba. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakken sifirin kuma yana iya ficewa daga mazauninsa idan taya ta sake.

Bayan tsayi ya zauna sai alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuma ba a ɗage shi. Sauke mota yana sa saman tayoyi ya karkata ciki, yana kuma sauya inda hancinsu ke fuskanta. Wasu da gangan suke ƙara karkatar don kafaɗar taya ta ɓuya a ƙarƙashin madigadi. Kaɗan ba laifi, amma idan ta yi yawa gefen ciki kaɗai ke cin kwalta, birki ya rage kamu. Hancin tayar kuwa shi ne mugun, idan ya kauce yana cinye sabuwar taya cikin ƙanƙanin lokaci. A motoci masu fitila mai daidaita kanta, na'urar tana karanta tsayin mota ne daga ƙafa, don haka ita ma sai an sake saita ta, in ba haka ba ko dai ka haska kusa da kai ko ka kashe wa mai zuwa ido.

Ban ce kada a taɓa madigadi sam ba. Idan rim ya dace, tsayi ya dace, saura ɗan leɓen ƙarfe da ke lanƙwashe a ciki, ana iya naɗe shi da abin naɗewa da ake ɗaurawa a mazaunin taya, ana ɗumama fenti a hankali don kada ya tsage, sannan a shafe cikin da abin hana tsatsa. A nan da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, tsagewar fenti ɗaya ta isa ta ruɓar da madigadi. Naɗe leɓen aiki ne na ƙarshe domin shi kaɗai ne ba a warwarewa.

'Yan'uwa da ke gida, motar da kuke gani a hoto an sauke ta ne don titi mai santsi, wasunsu ma jakar iska ce a ƙafarsu, sai an tsaya ake sace iskar a ɗauki hoto. Kafin ka sayi ko da sifirin ɗaya, je ka auna tudun da ya fi tsayi da ramin da ya fi zurfi a hanyar da kake bi kullum, sannan ka auna daga ƙasa zuwa kwanon man inji, mota ɗauke da iyalinka da kayansu. Abin da ya rage tsakanin awon biyu, daga cikinsa ne kaɗai kake da ikon ragewa.