Kuɗin Farfaɗowa Bayan Korona: Hannun Wa Ya Shiga?

A ranar 19 ga Afrilu 2021, ministar kuɗin Kanada, Chrystia Freeland, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a gwamnatin tarayyar ƙasar, ta gabatar da kasafin kuɗi na farko tun bayan ɓarkewar annobar korona. A lardin Ontariyo nake zaune, kuma a daren ranar na buɗe kundin a kwamfuta domin in ga abin da aka tanadar wa masu ƙananan yara. Wani rahoto da aka liƙa a ƙarshen kundin shi ne ya fi riƙe ni. Duk matakin da gwamnati ta ce za ta kashe wa kuɗi, an yi masa ɗan ma'auni a gefe wanda ke nuna waɗanda za su fi cin moriyarsa, ko maza ne ko mata, ko masu ƙaramin ƙarfi ne ko masu hali, ko matasa ne ko dattawa. A wasu wuraren gwamnati da bakinta ta rubuta cewa maza ne za su fi amfana, musamman a ayyukan gine-gine. Na daɗe ina kallon shafukan nan ina tunanin kasafin kuɗin Najeriya, wanda nake bibiya duk shekara, ban kuwa taɓa ganin an amsa wannan tambaya a cikinsa dalla-dalla ba.

Mutane da dama a cikinmu, da zarar sun ji an ce daidaito tsakanin maza da mata a kasafin kuɗi, sai su ɗauka ana nufin a raba baitulmali gida biyu, ko kuma ana neman haɗa mace gasa da mijinta. Maganar ba nan ta dosa ba. Abin da ake nufi shi ne, kafin a saki dukiyar jama'a, a binciki hannun da za ta faɗa, bayan an kashe kuma a dawo a duba inda ta tsaya. Ostareliya ce ta fara wannan a 1984, Afirka ta Kudu ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1990, Ostiriya kuwa har cikin tsarin mulkinta ta shigar da shi tun 2009. Kanada ta mayar da shi doka a Disambar 2018, wato shekara guda da 'yan watanni kafin annobar ta iso, kuma a ganina wannan sa'a ce babba, domin lokacin da gobara ta tashi sun riga sun haƙa rijiya.

Annobar ba ta bugi maza da mata da sanda ɗaya ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa cewa tsakanin 2019 da 2020 ayyukan yi na mata sun ragu da kashi 4.2 cikin ɗari a duniya, na maza kuwa da kashi 3. Dalilin a fili yake: otal-otal, gidajen abinci, kasuwancin sayar da kaya da aikatau a gidaje, waɗanda kulle ya fara rufewa, mata ne suka fi yawa a cikinsu. A ɗaya ɓangaren kuma, kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya da na jinya a duniya mata ne, don haka waɗanda ba su rasa aiki ba su ne suka tsaya gaban cutar. Ga kuma aikin da babu mai biya, na rainon yara da jinyar marasa lafiya da kula da tsofaffi, wanda ƙungiyar ta ce mata ne ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu nasa tun kafin annobar. Da aka rufe makarantu, nauyin nan ya ninka, alhali babu layi ɗaya a lissafin tattalin arziki da ke ƙirga shi.

Na ga wannan da idona a wurin aikina. Akwai wata abokiyar aikinmu mai 'ya'ya biyu ƙanana, wadda idan ana taro ta intanet za ka hango ƙaramin a cinyarta yana jan wayar kunnenta, babban kuma yana kuka a bayan ƙofa saboda darasin makaranta ya gagare shi. Ta yi wata huɗu tana wannan fama, tana aiki da tsakar dare bayan yara sun yi barci, daga ƙarshe ta ajiye aikin. Da ita da mijinta sun zauna sun yi lissafi, albashinsa ya fi nata, sai ya zama ita ce za ta koma gida. Babu wanda ya kore ta, babu kuma wanda ya zalunce ta da gangan, amma ƙasa ta yi asarar ƙwararriyar ma'aikaciya, kuma irinta suna da yawa har aka wayi gari yawan matan Kanada da ke cikin ƙwadago ya faɗi zuwa matakin da ba a gani ba cikin kusan shekara talatin.

Amsar da kasafin 2021 ya bayar ita ce ware har dala biliyan 30 na Kanada cikin shekara biyar domin gidajen rainon yara, da niyyar rage kuɗin da iyaye ke biya da rabi kafin ƙarshen 2022, sannan a sauko da shi zuwa matsakaicin dala 10 a rana. Sun yi koyi ne da lardin Kubek, wanda ya fara irin wannan tsari tun 1997 kuma ya ga mata da yawa sun shiga aiki a sanadinsa. Ba na cewa komai ya tafi daidai. Ontariyo ita ce ta ƙarshe da ta sa hannu, sai a Maris 2022, har yanzu gurabe ba su isa ba, iyaye na jira a layi watanni da dama, masu rainon kuma, waɗanda akasarinsu mata ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da na yaba shi ne an ɗauki rainon yara a matsayin ginshiƙin tattalin arziki, daidai da titi da gada, aka sa shi a tsakiyar kasafi maimakon a jefa shi a kwandon jinƙai.

A Najeriya, kwamitin da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya jagoranta ya fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 a Yunin 2020. Adalci ne in faɗi cewa an tuna da mata a cikinsa, domin asusun tallafa wa ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75 an ce kashi 45 cikin ɗari na masu amfana da shi za su kasance mata. Amma idan aka dubi manyan ginshiƙan shirin, wato gina gidaje 300,000, aikin tituna, da kai wutar sola ga gidaje miliyan 5, za a ga cewa ayyukan yin da suke samarwa kai tsaye galibi na magina ne da direbobi da masu haɗa waya, sana'o'in da maza suka fi yawa a ciki. Ko a asusun ƙananan sana'o'in, mai neman tallafin biyan albashi sai ya nuna rajistar kamfani da lambar BVN da jerin ma'aikata, ya kuma cike takarda ta intanet. Mace mai sana'a a cikin gida, wadda ba ta da asusun banki, wayar hannunta ma ba ta shiga intanet, kason 45 ɗin nan bai san da zamanta ba. Makarantu kuwa sun kasance a rufe tun Maris har wajen Oktoba, kuma uwa ce ta ɗauki nauyin wannan rufewa ba tare da an lissafa mata ko kwabo ba.

Na san za a ce Kanada mai arziki ce, kwatanta ta da Najeriya kamar kwatanta giwa da tunkiya ne. Na yarda ba mu da dala biliyan 30, amma tambayar wa zai amfana ba ta cin biliyoyi. Togo, a shirinta na Novissi da ta fara a Afrilun 2020, ta tura tallafi ta wayar hannu ga masu sana'ar da ba su da rajista, ta ba mata sefa 12,250 a wata, maza kuma 10,500, saboda ta lura cewa kuɗin da ya shiga hannun uwa ya fi saurin isa ga yara. Indiya ta zuba rupi 500 a wata har wata uku kai tsaye cikin asusun mata kusan miliyan 200, ta kuma iya yin hakan ne domin ta buɗe musu asusun tun shekaru kafin annobar. Yuganda ce ta fi burge ni, domin dokar kula da kuɗin gwamnati ta 2015 ta wajabta wa kowace ma'aikata ta samu takardar shaidar cewa kasafinta ya kula da daidaiton jinsi da adalci kafin majalisa ta amince da shi. Ruwanda ma ta sa irin wannan bayani cikin dokar kasafinta a 2013.

Mu ma mun taɓa gwadawa. A zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala take ministar kuɗi, an fara wani shiri a 2013 da ya haɗa ma'aikatu biyar, kowace ta yi alkawarin abin da za ta cim ma ga mata da 'yan mata. Abin baƙin ciki shi ne shirin bai samu gindin doka ba, ya dogara ne ga mutumin da ke kan kujera, don haka da gwamnati ta sauya sai ya dushe. Manufar ƙasa kan daidaiton jinsi ta 2006 ta yi maganar ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, amma a Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki biyar da suka shafi mata, kuma a majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 mata ba su wuce huɗu ba cikin kujeru 109. A ɗakin da ake zaman kare kasafi ke nan, da wuya a samu wanda zai tambayi minista mata nawa ne suka samu rancen noma bara.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Takardar da ofishin kasafi ke aika wa ma'aikatu kowace shekara ta tilasta musu su kawo alƙaluman masu amfana, maza daban mata daban, majalisa kuma ta ƙi sauraron duk ma'aikatar da ta zo ba tare da su ba, a kuma rubuta hakan cikin doka yadda sauyin gwamnati ba zai share shi ba. Gwamnonin jihohi ba sa bukatar jiran Abuja, tunda makarantun firamare da asibitocin matakin farko, inda mata suka fi zuwa kuma suka fi aiki, a hannunsu da na ƙananan hukumomi suke, kuma kowace majalisar jiha na da ikon yin wannan doka a zamanta na bana.