Likitan da ya ƙirga kwanakin zazzaɓi a Pavia

Ranar da na fara ganin gonakin shinkafar da suka kewaye garin Pavia na Italiya, sai na ji kamar ina hanyar Kura da damina. Ga ruwa kwance, ga sauro da magariba. Amma shekara huɗu ke nan ina nan, ban ji maƙwabci ɗaya ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro ba. Tun 1970 aka tabbatar cutar ta bar ƙasar.

Da can abin ba haka yake ba, kuma a garin nan wani likita mai suna Camillo Golgi ya yi aikinsa a kanta. An haife shi a 1843, ya yi karatun likita a jami'ar Pavia. A 1872 ya karɓi aiki a gidan jinyar masu doguwar cuta a garin Abbiategrasso. Babu ɗakin gwaji a wurin, sai ya mayar da kicin ɗakin bincike, kuma a nan ne a 1873 ya gano rinin da ke fito da ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa baƙa wuluk a madubin likita. Wannan ya kai shi ga kujerar farfesan nazarin naman jiki a jami'ar Pavia a 1876, da kyautar Nobel a 1906.

Ni dai aikinsa na maleriya ya fi taɓa min zuciya. Daga 1885 ya riƙa ɗibar jinin marasa lafiya yana dubawa, yana kwatantawa da lokacin da jikinsu ke ɗaukar rawa. Sai ya ga zazzaɓin na tasowa ne daidai lokacin da ƙwayoyin cutar suka fasa jajayen ƙwayoyin jini suka watsu. Wani nau'in bayan awa 48 yake dawowa, wani bayan 72.

A gida fa? Bara ƙanwata ta kira ni, ɗanta jikinsa rau da zafi. Na ce, "An gwada jininsa?" Ta ce, "Yaya, mai kemis ya ce maleriya ce da taifot." Ko ɗigon jini bai ɗiba ba. Ban ga laifinta ba, domin a ƙaramin asibitin unguwarsu madubin na cikin kwali, babu wuta, mai duban ma wata nawa ba a biya shi ba. Sai a kwana na biyar ta samu wanda ya ɗiga jinin yaron a gilashi ya duba mata.