Ɓarawon Katako a Shara Mansur

Bayan sallar isha'i, Alhaji Bakano da Jauro Bafillace da Goni Babarbare suka hau saman bene kamar yadda suka saba, a wani gida da ke Shara Mansur a Makka. Ana cikin zuba shayi da na'ana'a, sai ɗan ƙanwar Bakano ya shimfiɗa wani allo mai gidaje 19, kowane gida da kusurwa shida, ya jera katuna a gefe.

Yaro: Kawu, wannan wasa sunansa Catan, kuma wani Bajamushe mai suna Klaus Teuber, wanda sana'arsa haɗa haƙoran roba ce, shi ya fitar da shi a 1995. Labarinsa shi ne mun sauka a wani tsibiri, kowannenmu zai shimfiɗa hanya ya kafa ƙauye, ƙauyen ya zama birni, wanda ya riga tara maki 10 shi ne ya ci.

Bakano: Ɗan nan, ka ajiye mana zancen tsibiri, ka gaya mana ƙa'ida kawai. Labari a jikin wasa fenti ne a jikin mota, ƙa'ida da lissafi su ne inji. Kakanninmu sun tona ramuka 30 a ƙasa, wannan ya riƙe tsinke 12, wancan ya riƙe dutse 12, suka yi ta dara har rana ta faɗi, ba a taɓa jin wanda ya tambayi ko tsinken ɗan wane gari ne ba. Ga kiram nan da mutanen Hijaz suke bugawa har asuba, babu komai a cikinsa sai ƙwaya da rami huɗu.

Babarbare: Alhaji, ka faɗi rabin gaskiya, ka sa rabin a aljihu kamar yadda kuka saba. Mu a fadar Barno shaɗaranji aka buga, wasan da ya taso daga Indiya da siffar runduna mai giwaye da dawakai da kekunan yaƙi da dakaru. Har gobe Balarabe yana tura giwarsa da wazirinsa, Turawan Ingila kuwa suka mayar da giwar limamin coci, wazirin kuma sarauniya. Da labarin ba shi da amfani, me zai sa kowace al'umma ta wahalar da kanta wajen ɗinka wa 'ya'yan wasan rigar garinta?

Bakano: Saboda masu sassaƙa su ci abinci, Goni.

Aka raba gidaje, aka fara jefa 'ya'yan lido guda biyu. Bakano ya kafa ƙauyukansa a jikin 6 da 8, domin ya riga ya lissafa cewa bayan 7 babu lambar da ta fi su yawan fitowa. Jauro kuwa bai dubi lamba ko ɗaya ba, ya nemi inda aka zana ciyawa da tumaki ya sauka.

Babarbare: Yaro, wannan gida mai launin rairayi da ba a sa masa lamba ba, me yake bayarwa?

Yaro: Hamada ce, Baba, ba ta bayar da komai. A nan ne ma ɓarawo yake zaune kafin a tashe shi.

Babarbare: To, wannan Bajamushe bai taɓa zuwa Dammam ba, inda aka haƙo mai a 1938. Mu da muke cin arzikin hamada muna aika wa gida riyal, a ce mana hamada ba ta haifar komai sai ɓarawo! Ni dai daga yau ina da ƙorafi a kan wannan allo.

Aka yi zagaye da yawa. Bakano ya miƙa hanya, Goni ya kafa ƙauye na uku, Jauro yana nan inda ya sauka, katunansa suna ta kauri a hannu.

Bakano: Jauro, ina neman tunkiya ɗaya in cika ƙauye, zan ba ka bulo biyu da katako ɗaya, cinikin da ko a Kasuwar Kurmi ba za ka samu irinsa ba.

Jauro: Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Tun da nake ban taɓa ganin bulo ya haihu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in ba da abu mai rai in karɓi ƙasar da aka ƙona ba. Waccan ta gefen dama ma da alama ciki gare ta.

Yaro: Baffa, ai duk katunan tumaki hoto ɗaya ne, kuma ba a samun maki da tara su. Sai ka yi gini za ka ci wasan.

Jauro: Ku ku ci wasan, ni ku bar ni da dabbobina. Wanda yake da garke goma sha biyu a tsibirin da babu haraji, wane ci kuma ya rage masa?

Bakano: Kun ga abin da nake faɗa ko? Labari ya shiga kan bawan Allah ya hana shi lissafi. Da an rubuta wa katin nan lamba uku a maimakon a zana tunkiya, da tuni ya sayar mini.

Yaro: Da kuma bai zauna ba tun farko, Kawu, domin sau biyu ina kiransa kiram yana cewa barci yake ji. Amma labari yakan kuɓuce wa mai shi ma. Wata Ba'amurkiya, Lizzie Magie, ta yi rajistar wani wasa a 1904 don ta nuna wa mutane sharrin masu mallake filaye suna tatsar 'yan haya. Da kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi da sunan Monopoly a 1935, sai ya zama babu abin da ke yi wa masu bugawa daɗi kamar karɓar kuɗin haya har maƙwabci ya tsiyace.

Babarbare: Madalla da ka tuna mini. Alhaji, ba kai ne aka kawo wa na Legas ba, wanda aka yi a 2012, mai Banana Island a matsayin unguwa mafi tsada da Makoko a mafi araha, ka ture shi ka ce ba za ka buga wasan kasuwanci da babu Kantin Kwari a cikinsa ba?

Bakano: Wannan kishin gari ne, ba shi da alaƙa da maganar da muke yi. Jefa, Goni.

Goni ya jefa, 7 ta fito. Yaro ya sunkuyar da kai kafin ya yi magana.

Yaro: Baffa, ƙa'ida ta ce idan 7 ta fito, duk mai riƙe da kati fiye da bakwai zai mayar da rabi. Shida za ka bayar.

Jauro: Innalillahi! Jangalin da Rimi ya soke a Kano, ashe Jamus ya gudu ya ɓuya, har ya biyo ni Makka? Ko a zamanin Turawa ba a taɓa raba garke biyu an kora rabi ba.

Ya daɗe yana zaɓen waɗanda zai rabu da su, yana duba kowane kati a hasken fitila, yana mayar da wani yana ciro wani. Bakano ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, sannan ya karɓi 'ya'yan lidon ya jefa. Ita ma 7 ce.

Yaro: Kawu, yanzu kai ne za ka ɗauki ɓarawon nan ka ɗora shi a gonar wani, sannan ka zare kati ɗaya daga hannun mai gonar ba tare da ka gani ba.

Bakano: Ni?

Yaro: Haka ƙa'ida ta ce, wanda ya jefa 7 shi ne yake tafiyar da ɓarawo.

Bakano: Ɗan nan, ka dubi furfurata, ka dubi garin da muke. Mutumin da ake ba wa ajiyar kuɗin alhazai ba tare da takarda ba, shi za ka ce ya jagoranci ɓarawo a cikin harami, inda ko tsintuwa ba a ɗauka sai don cigiya? Gobe Goni ya shiga kasuwa ya ce da idonsa ya ga na yi sata.

Babarbare: Alhaji, ai guntun katako ne, fenti ne a jikin mota.

Bakano: Akwai fentin da ba a shiga motarsa. Sai dai idan za a sauya masa suna, a ce dillali ne ya zo gonar, abin da ya ɗauka kuma la'ada ce.

Yaro: Ƙa'idar ba ta sauya ba, Kawu, katin dai za ka zare.

Bakano: To, bismillahi, la'ada halal ce.

Ya ɗauki guntun katakon da hannun dama, ya dasa shi a tsakiyar makiyayar Jauro, ya miƙa yatsu biyu ya zaro kati. Tunkiya ce, mai cikin nan ta gefen dama.

Jauro: Goni, ka zama shaida. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane a kara cewa su biyun nan mutum ɗaya ne ana ƙaryata ni, yau ga shi Alhaji ya tabbatar da bakinsa.